Tazarar Haihuwa: Yaushe Maza Za Su Kama Jinka?

Tun shekarar 1960 da aka amince da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta mata a Amurka, duk wata sabuwar dabara da masana suka fito da ita a jikin mace take sauka: ƙwaya, allura, ashanar da ake sawa a dantse, robar mahaifa. Mu maza kuwa har yau abin da ke gabanmu bai wuce kwaroron roba da ɗaure jijiyar maniyyi da azalu ba. Jama'a, ina adalci a nan? Ai ciki aikin mutum biyu ne.

Masana sukan kafa hujja da cewa mace ƙwai ɗaya take saki a wata, namiji kuwa miliyoyin ƙwayoyin maniyyi yake yi kullum, don haka tsayar da su da wuya. Mun ji. Mun kuma san an taɓa ƙonewa: a shekarun 1970 an gwada wa dubban maza a ƙasar Sin wani sinadari da ake samu a cikin angurya, wasunsu suka rasa haihuwa har abada.

To, amma a duba wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyin gwajin wata allura a kan maza 320, ana yi musu duk mako takwas. Allurar ta yi aiki. Duk da haka a 2011 wani kwamiti ya dakatar da gwajin, saboda ƙurajen fuska da damuwa da sauyin yanayin rai da wasu suka samu. Waɗannan fa su ne irin wahalhalun da matanmu suka shekara sittin suna haɗiyewa, ana ce musu su yi haƙuri. Abin lura kuma, da aka buga sakamakon a 2016, fiye da kashi uku cikin huɗu na mazan sun ce a shirye suke su yi amfani da ita. Ashe ba mazan ne suka gudu ba.

Matsalar tana wajen ma'auni. Ana cewa tunda ciki ba ya kashe namiji, bai kamata ya ɗauki ko ƙaramar kasada ba. Mu kuwa da muke binne mata a wajen haihuwa, muke kai masu yoyon fitsari asibiti, mun ce a auna miji da mata tare. Ciwon kan miji bai kai ran uwar 'ya'yansa ba.

Kada kuma wani ya ce mana wannan baƙon abu ne. Sahabbai sun yi azalu a zamanin Manzon Allah (SAW), kuma azalu ɗawainiyar namiji ce.

An fara gwajin wani man shafawa a kafaɗa a 2018, da wata ƙwaya marar sinadarin hormon a Ingila a 2023. Kamfanonin magani su daina noƙewa, su zuba kuɗi. Mu ma marubuta mu fara sa wannan magana a bakin mazajen labaranmu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya sa mu gane.