Kuɗin Fakin A Kasuwar Mafara: Haya Ce Ko Ƙwace?

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, wani ɗan rikici ne da ya same ni wata ranar Talata. Na taso daga Bakura tare da ƙanena zuwa cin kasuwar Talatar Mafara, da muka iso sai na ga wani kangon fili kusa da kasuwa, motoci uku a ciki, babu igiya, babu allo, babu kowa a bakinsa. Na saka motata na yi gaba. Ba mu dawo ba sai bayan la'asar, muka tarar an sace iskar taya biyu, ga wani saurayi a zaune kan but ɗin motar yana jiranmu. Ya ce, "Malam, kuɗin wuri ɗari biyar na, tara kuma dubu biyu da ɗari biyar, don kun wuce lokaci." Kafin in buɗe baki ƙanena ya ci kwalarsa, nan da nan abokansa suka taso, mutane suka yi mana zobe.

Allah Ya kawo wani dattijo mai sayar da igiya, ya shiga tsakani. Ya dubi saurayin ya ce, "Ɗana, ka faɗa mishi kuɗin wurin kafin ya aje?" Ya ce a'a. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma Malam, ka tambayi ko filin wa na?" Na ce, "Ban tambaya ba, Baba." Daga nan ya yanke cewa in biya ɗari biyar, shi kuma saurayin ya kira mai faci ya biya kuɗin iska daga aljihunsa. Haka aka yi, aka watse. To amma na kwana ina tunani, domin idan haƙƙin yaron na danne da na hana shi tarar, bashi ne a wuyana har gaban Allah. Idan kuwa ba haƙƙinsa ba ne, to mutum nawa yake karɓe wa irin wannan kuɗi kowane mako?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kuɗin ajiye mota a filin wani halal ne, wajibi ne a biya; amma tarar da aka ƙirƙira bayan an gama ajiya, da taɓa motar mutum domin a tilasta masa, ba su da gindin zama a shari'ar Musulunci.

Tambaya ta farko ita ce, filin na wane ne? Idan mallakar mutum ne, ko ya karɓa haya, to yana da ikon ya sayar da amfaninsa, wannan ita ce ijara da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani. Idan kuwa gefen titi ne ko filin jama'a, babu wanda ya isa ya ɗaura igiya ya mayar da shi gonarsa. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su a kan ƙananan hukumomi. Tun kafin nan ma, doka mai lamba 21 ta shekarar 1998 ta jera kuɗin tasha cikin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa, ta kuma haramta tare hanya domin karɓar haraji. Saboda haka wanda ya ce hukuma ce ta sa shi, sai ya nuna rasit ɗin hukuma. Wanda kuwa ba shi da fili, ba shi da izini, ƙarfi kawai yake da shi, abin da yake karɓa shi ne malamai ke kira maksu. Mu tuna hadisin Bagamidiya da Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya auna girman tubanta da cewa ko mai karɓar maksu ya yi irinsa da an gafarta masa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna nauyin laifin. Shi ma Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, daga cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa da su a Kitabul Farƙi akwai ɗora wa talakawa da 'yan kasuwa kuɗaɗen da shari'a ba ta sani ba.

Tambaya ta biyu, an san kuɗin kafin a ajiye? Aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta halatta kasuwancin da aka gina kan yardar juna. Yarda kuwa ba ta samuwa a kan abin da ba a sani ba, shi ya sa malaman Malikiyya suka sharɗanta a san lada, a san amfanin da aka yi hayarsa. Ba dole sai an yi magana da baki ba. Idan akwai allo a bakin fili, ko kowa a garin ya san ɗari biyu ake biya, to shigar da motarka yarda ce. Idan kuma ba a ambaci komai ba, kamar yadda ya faru da ni, mai mota bai tsira ba, sai ya biya gwargwadon abin da aka saba biya a irin wurin. Wannan shi ne hukuncin da dattijon nan ya yanke a tsaye, ba tare da ya buɗe littafi ba.

Tambaya ta uku ita ce ta tara, kuma a nan ne aka fi jayayya, har a ƙasashen Turawa. A Ingila, wani mai shagon soya kifi da dankali, Barry Beavis, ya ajiye mota a filin wasu kantuna a garin Chelmsford a 2013. An rubuta cewa awa biyu kyauta ne, wanda ya wuce zai biya fam 85. Ya wuce da kusan awa guda, ya ƙi biya, suka yi ta shari'a da kamfanin ParkingEye har kotun ƙoli. A 2015 kotun ta ce sai ya biya, domin allunan sanarwa manya ne kuma a bayyane suke, kamfanin yana da halastacciyar manufa ta hana mutane mamaye wurin, kuɗin kuma bai wuce hankali ba. Amma ku lura, ƙasar da ta yarda da wannan tara ita ce kuma ta haramta wa masu filaye ɗaure tayar motar mutane tun 2012. Mai fili ya kai ƙara, kada ya ɗauki doka a hannunsa.

Musulunci bai rufe wannan ƙofa gaba ɗaya ba. Buhari ya kawo labarin Alƙali Shuraihu, wanda aka kai wa ƙarar mutumin da ya sa mai raƙuma ya shirya, da alkawarin dirhami ɗari idan bai fita ranar da aka sa ba. Bai fita ba, Shuraihu kuwa ya hukunta cewa sharaɗin da mutum ya ɗora wa kansa bisa son ransa ya hau kansa. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad cikin shekarar 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi a ƙulle-ƙullen da ba na bashi ba, ta kuma ɗaure shi da cutarwar da ta auku a zahiri, tare da bai wa alƙali damar rage shi idan an zarce. Idan muka auna tarar saurayin nan da wannan ma'auni, ba ta tsallake ko ɗaya ba: ban san da ita ba balle in yarda, babu lokacin da aka yanka mini, babu kuma asarar da ta kai ninki biyar na kuɗin wurin.

Saura batun lamuni, wanda matasa da yawa ba su sani ba. Biyan kuɗin wuri daban, ba da ajiya daban. A 2002 kotun ƙolin Nijeriya ta ƙi ɗora wa wani otal na Owerri alhakin motar Mai Shari'a Anyah da aka sace a harabarsa. A mazhabarmu ma, mafi shaharar magana ita ce mai gadi amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ta'adi. Don haka ka tambaya tun farko: wuri kawai nake haya, ko har da gadi?

Kada kuma mu masu abin hawa mu ɗauka mu ne kullum ake zalunta. Sau nawa ɗayanmu ke tayar da mota ya sulale idan ya ga yaron ya juya baya? Sau nawa muke toshe ƙofar gidan mutane ko bakin shago, mu ce ai yanzu za mu fito? Yaron da ya yini cikin rana yana tsaron baburan mutanen Maradun da ƙauyukan da ke kewayen madatsar Bakolori, a wannan zamani na rashin tsaro, gumi yake ci, hana shi ɗari biyunsa zalunci ne. Ni kaina na yi laifi da na shiga filin da ban san mai shi ba.

A jihar da ta fara aiwatar da shari'a a shekarar 2000, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, bai dace a ce ƙaramin ciniki irin wannan ana warware shi da cin kwala ba. Shawarata ga masu filaye, su kafa allo da boko da ajami, su rubuta kuɗi da lokaci, su riƙa ba da rasit. Ga masu mota, ku tambaya kafin ku kashe inji. Idan aka yi saɓani, ka biya abin da ka tabbata yana kanka, ka ƙi sauran cikin ladabi, ka nemi shaidu, sannan ku je wurin sarkin kasuwa, ko Hisba, ko gaban alƙali.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyaran malamai. Allah Ya tsare mu da cin haƙƙin bayinSa, Ya saka wa dattijon nan da alheri. Wassalamu alaikum.