Lafiya Uwar Jiki: Awon Suga ga Yara da Matasa

 Wata baiwar Allah daga nan unguwarmu ta London ta aiko da tambaya game da ɗanta mai shekara 12 wanda likita ya ɗora a kan allurar insulin. Ta ce tausayi yakan kama ta duk lokacin da za a huda masa yatsa, har takan bar awon sai ta ga jikinsa ya yi laushi. Hajiya, wannan tausayin yana iya cutar da shi, ga kuma dalili.

Yawancin yaran da ke da ciwon suga, jikinsu ne ya daina samar da insulin. Kafin watan Janairu na 1922, lokacin da aka fara yi wa wani yaro, Leonard Thompson, wannan allura a birnin Toronto na ƙasar Kanada, irin waɗannan yara ba sa daɗewa a raye. To amma allurar kanta takan zama haɗari idan ba a san yawan sugan da ke jini ba, domin ido ba ya iya tantance shi.

A auna kafin kowane cin abinci da kafin barci, wato aƙalla sau 4 a rana, a ƙara kafin wasan ƙwallo da bayansa, da duk sa'ad da yaro ya ce jikinsa ba daidai ba. Abin da ake so shi ne lambar ta riƙa tsayawa tsakanin 70 da 180 a na'ura. A takardun asibitin nan Libreville za ku ga an rubuta 0,70 da 1,80 g/L, duk abu ɗaya ne. Wanda kuma ya je gida Kano yana iya tarar da wani ma'auni da ke nuna 3.9 zuwa 10, saboda haka a tambaya kafin a firgita.

Idan lambar ta sauka ƙasa da 70, ko yaro ya fara rawar jiki da gumi da jiri, a ba shi ƙwayar sukari nan take, guda ɗaya ga kowane kilo 20 na nauyinsa, sannan a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti. Idan kuwa ta haura 250, musamman da amai ko ciwon ciki ko numfashi sama-sama, sai a nemi likita ba tare da jinkiri ba. Ranar zazzaɓin cizon sauro ba a dakatar da insulin ko da yaro ya ƙi abinci. A riƙa aunawa duk bayan awa 2 zuwa 3, likita ya gyara adadin allurar.

Yanayin garin nan ma abin lura ne. Zafi da laima suna lalata takardun awo, don haka a rufe kwalbarsu da zarar an ciri ɗaya. A wanke hannu a busar kafin huda, domin ɗanƙon mangwaro ko dabino a yatsa yana sa lamba ta hau a banza. A huda gefen yatsa, ya fi sauƙin zafi. Yanzu akwai na'urar da ake mannawa a dantse, kamar FreeStyle Libre, mai aiki kwana 14, ga wanda Allah Ya hore masa.

Matasa su ne suka fi wuyar sha'ani. Kunyar abokai takan sa su ƙi awo a makaranta, tsoron faɗa kuma ya sa su rubuta lambar ƙarya a littafi. Uban da ke tsawa duk ranar da ya ga 280, ƙarya yake koya wa ɗansa. Gara a tambaye shi cikin lallashi me ya ci, kuma ko an yi allura. Gwajin HbA1c, da ake yi duk wata 3, yana nuna matsakaicin sugan watannin da suka wuce, kuma ana so ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Game da Ramadana, azumi bai wajaba a kan wanda bai balaga ba, mara lafiya kuma yana da rangwame. Matashin da ya dage sai ya yi, ya ga likitansa tun kafin watan ya kama. Huda yatsa ba ta karya azumi. Idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ya sha ruwa nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba.

Hajiya, ki sanar da malaminsa na boko da na Islamiyya, ki kuma sa masa ƙwayoyin sukari a jaka kullum. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.