Makarantar Gwamnati Ba Marainiya Ba Ce

Gaskiya ɗaci gare ta, amma wanda ya ƙi magani saboda ɗacinsa, ciwo ne zai kwantar da shi. Ina da ƙara da zan kawo gabanku a kan makarantun gwamnati na garuruwanmu, wato Salaga da Yendi da Bawku. Tun da fari ina so ku sani, cikin waɗanda nake ƙara har da ku, har da ni kaina.

Ga abin da ya tayar da maganar. Cikin ajin da nake shirya yara domin baftisma akwai yara 23, masu shekara 12 zuwa 14, yawancinsu suna aji shida na firamare ko ajin farko na ƙaramar sakandare. In na yi tambaya sai su amsa baki ɗaya da ƙarfi, har na ɗauka aiki yana tafiya. Wata Asabar na ce kowa ya tashi shi kaɗai ya karanta mini layi biyu. Na ba su da Turanci, harshen da ake koya musu a makaranta, na kuma ba su da Hausa, harshen da suke ciniki da shi a kasuwa. Yara biyar ne suka iya. Wata yarinya mai hankali ta ɗora yatsa a kan takarda tana faɗin amsa daidai, da na leƙa sai na ga shafin da take nunawa dabam ne. Ashe hadda suke yi mini. Yarinyar nan ta yi shekara shida tana sa rigar makaranta kowace safiya, uwarta tana sayar da koko don ta saya mata takalmi.

Ran Litinin na bi ta makarantarsu. Ba zan faɗi sunanta ba, gama irinta suna da yawa, kowa ya yi zagi a kasuwa kuwa ya san da wanda yake. Na tarar da aji guda yara sun cika shi maƙil, waɗansu a kan benci, waɗansu a ƙasa sun ɗora littafi a gwiwa, waɗansu sun ɗauko kujera 'yar tsugunne daga gida. Rufin kwanon aji biyu iska ta yaye shi tun damina biyu da suka wuce. Sunayen malamai takwas ne a allon ofishin hedmasta, uku na gani da idona. Babu wurin zagayawa, don haka 'yan matan da suka fara girma sukan tafi gida da hantsi, ba su komowa.

Kada wani ya ce mutanen arewacin Gana ba su son ilimi. Lokacin da fataken Kano da Katsina suke zuwa Gwanja sayen goro, Salaga gari ne na malamai da littattafai. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga yana koyarwa, sai yaƙin sarauta na 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Hausa da Larabci. Turawan mulki ne suka riƙe mu baya da gangan, domin sun fi bukatar ƙarfin ɗan arewa a ramin zinariya da gonar koko da aikin soja. A Cape Coast an buɗe sakandaren Mfantsipim tun 1876. Mu kuwa sai a 1907 fadan-fadan Katolika suka buɗe makaranta a Navrongo, gwamnati ta buɗe tata ta firamare a Tamale a 1909, sakandare ta fari a dukan arewa kuma ba ta zo ba sai 1951. Shekara 75 ke nan tsakaninmu da bakin teku. Wannan zalunci ne, tarihi ya shaida. Amma Bature ya tafi tun 1957. Har yaushe za mu riƙa ɗora masa laifin rufin da iska ta yaye bara?

Alkawari dai mun sha shi har mun ƙoshi. Kwame Nkrumah ya kafa tallafin karatu na musamman domin 'yan arewa, dokar ilimi ta 1961 ta ce firamare kyauta ce kuma tilas ce. Tsarin mulki na 1992 ya sake ɗora wa gwamnati wannan nauyi. A 2005 aka soke kuɗin makaranta, gwamnati ta ce ita za ta riƙa biyan tsohon sidi 30,000 a kan kowane yaro a shekara, wato sidi 3 na sabon kuɗi, aka kuma fara ciyar da yara a makaranta. An ƙara kuɗin daga baya, amma kowane hedmasta zai gaya maka yadda yake zuwa a makare, har shi da kansa yake sayen alli da aljihunsa. Mata masu dafa abincin yara sun ajiye ludayi a 2022 da 2023 saboda bashin da suke bin gwamnati. A Satumba 2019 aka kawo sabon tsarin koyarwa, malamai suka yi shekaru suna jiran littattafansa. A tsakiyar wannan jira annobar korona ta rufe makarantun firamare daga Maris 2020 har Janairu 2021. Yaran da suke ajina yau, su ne 'yan aji ɗaya da aji biyu na wancan lokaci.

A 2017 gwamnati ta mai da babbar sakandare kyauta. Ba na ƙin wannan, gama na san gwauraye da marayu da suka ci moriyarsa, ina kuma yi wa Allah godiya dominsu. Amma ina tambaya: wane magini ne yake kashe dukiyarsa a kan rufi alhali tushen ginin yana zaizayewa? Ƙofar sakandare a buɗe take, amma yaron da ya kai aji shida bai iya karanta sunan garinsu ba, da wace ƙafa zai shiga? In ma an tura shi ya shiga, me zai ɗauko? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da bai koyi karatu a aji uku ba, sauran shekarunsa na makaranta zaman jiran ƙararrawa ne kawai.

Ga kuma maganar harshe. Dagbani da Gwanja suna cikin harsunan da gwamnati ta amince a koyar da su a makaranta, wannan kuwa daidai ne. Hausa ba ta ciki, ko da yake ita ce harshen zango daga Bawku har Akra, gidan rediyon ƙasa ma yana labarai da ita. Yaron zango yakan shiga aji ɗaya ya tarar da malami da aka turo daga kudu, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dagbani, ba ya jin Kusasi, yaron kuwa ba ya jin Turanci. Sai su wuni suna kallon juna, malami yana faɗa, yara suna maimaitawa. Daga nan haddar da na gani a ajina ta samo asali.

Sai babban maƙiyin makaranta, wato faɗa. Ina yaro a makarantar mishan lokacin yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da Nanumba da Dagwamba da Gwanja, wanda ya taɓa ƙasar Yendi da ta Salaga. Malamanmu suka gudu, waɗansu ba su dawo ba har abada, abokan karatuna da dama daga nan karatunsu ya tsaya. A Maris 2002 aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na biyu a Yendi, garin ya yi shekara 17 ba a naɗa sabon Ya-Na ba sai Janairu 2019. A Bawku, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake tashi a ƙarshen 2021, aka yi ta sabunta dokar hana fita, malamai da ma'aikatan asibiti suka yi ta neman a sauya musu wurin aiki. A Yuli 2025 aka harbe ɗalibi a cikin harabar babbar sakandaren Bawku, aka kashe waɗansu biyu a ta Nalerigu, aka kwashe yara ana dab da jarrabawa. Ku manyan gari da kuke hura wannan wuta, ina 'ya'yanku suke karatu? Mun sani, suna Tamale da Kumashi da Akra. 'Ya'yan talakawa ne kuka bar wa harsashi da jahilci.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu masu bi, gama nan ne maganar ta fi zafi. Da muka ga makarantar gwamnati tana lalacewa, me muka yi? Duk mai ɗan hali a cikinmu ya janye ɗansa ya kai shi makarantar kuɗi. Ni ma na yi, ɗana na fari can na kai shi, ina kuwa jin kunyar yarinyar nan mai nuna shafi da yatsa. Waɗansu ikkilisiyoyi ma sun kafa tasu makarantar kuɗi a bayan majami'a, da suna mai daɗin ji a jikin allo, da kuɗin da matar da take share majami'ar ba za ta iya biya ba. Da masu baki da masu ido suka fita, wa ya rage ya tambayi hedmasta ina malamai biyar suka shiga? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, mu ne kuwa muka tsaga shi.

Abin mamaki, da yawa cikin makarantun nan da muke kira na gwamnati sunanmu ne a jikinsu. Ku duba allunan bakin hanya, za ku ga na Katolika, da na Presby, da na Methodist, da na Anglican, kamar yadda za ku ga na Ahmadiyya da na sashen ilimin Musulunci da aka kafa a 1987. Gwamnati ce take biyan malamai, amma iyayenmu ne suka ɗebo ruwa da yashi suka gina su. Masu bishara da suka sauka a Yendi a 1931, da waɗanda suka riƙe asibitin Bawku, ba su tambayi kowa kuɗi ko addininsa kafin su koya masa baƙi ba. Ni da nake rubuta wannan, ubana bai mallaki ko keke ba. Da makarantar mishan ta kuɗi ce irin ta yau, da yanzu ban san alif ba.

Malaman da ba su zuwa aji kuma, ba baƙi ba ne. Waɗansunsu suna cikin ƙungiyar mawaƙa, waɗansu dattawan ikkilisiya ne, su ne suke karanta mana Littafi ran Lahadi. Na san albashi ba ya isa, na san gidan malamai babu, na san akwai amintattu da suke koyarwa a ƙarƙashin itace ba tare da gunaguni ba, Ubangiji ya sāka musu. Amma wanda ya karɓi albashin wata guda ya koyar kwana goma, ya tafi gonar doya ko shagonsa, sunan abin da ya yi sata. Zakka daga irin wannan kuɗi ba ta tsarkake shi.

Wani zai ce, "Katikis, so kake in bar ɗana ya lalace domin in nuna ni mai adalci ne?" A'a, ɗan'uwa, ban ce ka mai da ɗanka hadaya ba. Cewa nake, in ka fitar da ɗanka, kada ka fitar da idonka da bakinka da ƙafarka. Ɗa na kowa ne. Yarinyar da aka bari ba karatu ita ce za ta hau mota zuwa Akra ta zama kayayo, tana kwana a bakin shago. Yaron da aka bari shi ne zai faɗa ramin galamsi, ko wani ya ba shi bindiga da sidi kaɗan. A gari ɗaya za su zauna da ɗanka mai takarda. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wani kuma zai ce yawancin yaran nan ba Kirista ba ne. Wannan magana ba ta dace da bakin mai bi ba. Ubangijinmu da ya tsawata wa almajiransa don sun hana yara zuwa wurinsa, bai ware 'ya'yan kowa ba.

To, me za mu yi? Na fari, kowace ikkilisiya ta ɗauki makarantar gwamnati mafi kusa da ita, ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su riƙa leƙawa kowane mako, su shiga kwamitin makaranta da taron iyaye da malamai. Na biyu, majami'unmu a kulle suke daga Litinin zuwa Jumma'a, ga benci ga inuwa. A buɗe su da yamma, matasanmu da suka gama sakandare su koya wa yaran unguwa karatu kyauta, da harshen da yaro yake ji, ba tare da an tambayi addininsa ba. Na uku, mu je wurin limamin zango da sarkin zango mu tafi tare gaban majalisar gunduma. Tsarin mulki ya ce a ware wa majalisun nan abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, an kuma kafa asusun raya zango da dokar 2017. Muna da iko mu tambaya nawa ya zama benci, nawa ya zama rufi, nawa ya zama wurin zagayawa na 'yan mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, fastoci da fadan-fada da mu katikis mu yi wa malaman da suke cikinmu gargaɗi a keɓe, cikin ƙauna, in sun ƙi ji a sauke su daga aikin ikkilisiya. Na biyar, ikkilisiyar da take da makarantar kuɗi ta ware gurabe domin marayu da 'ya'yan gwauraye, in ba haka ba ta cire gicciye daga allonta.

Nehemiya bai jira sarkin Farisa ya zo ya ɗora tubali ba, kowane gida ya gyara garun da yake daura da ƙofarsa. Ni na fara da nawa. Yanzu rabin sa'a na fari na ajin baftisma, baƙaƙe muke koyo, yarinyar nan kuwa ta fara haɗa kalmomi da kanta. Saura yara 17. Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar tuba, ya ba Bawku salama, ya tsare 'ya'yanmu duka. Amin.