Ra'ayinmu: Kare Marar Ubangida, Haƙƙin Wane Ne?

Duk wanda ya taɓa kwana a Illela daren kasuwa ya san abin da za mu yi magana a kai. Da zarar 'yan kasuwa sun watse, manyan motocin shanu sun kama hanyar Sakkwato, sai karnuka su fito daga bayan rumfuna da kwatami da gindin juji, su bazu cikin gari suna neman abin da za su sa a baka. Waɗansu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, waɗansu ƙazuwa ta cinye musu gashi, waɗansu kuwa suna jan ƙafa saboda jifan yara. In ka tambaya ko na wane ne, sai a ce maka ba su da mai su. Wannan amsa ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin kuwa a ganinmu kowane ɗaya daga cikinsu yana da wanda ya taɓa mallakarsa, ko ya mallaki uwarsa, sa'an nan ya yar.

A hutun da ya wuce, ɗaya daga cikin masu shirya wannan mujalla, wanda ɗan garin ne, ya tarar da wata karya kwance da 'yan kwikwiyo shida a bayan wani sito da aka daɗe da kullewa. Maƙwabta sun san ta sarai. Ta wani maigadi ce, ta yi shekaru tana taya shi tsaron kayan mutane. Da aka rufe kan iyaka a shekarar 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar, sai kaya suka daina shigowa, aka sallami maigadin, ya tattara nasa ya koma garinsu, ya bar ta a bakin ƙofa. An buɗe iyakar a 2024, amma shi bai dawo ba. Tun daga nan take kwana a wurin, tana haihuwa a wurin, yaran unguwa kuma suna jifanta da rana, da maraice su zo su yi wasa da 'ya'yanta.

Ɗan'uwan namu ya nemi wani tsohon mafarauci, suka lallaɓa ta da ƙanzo da romo har ta yarda da su, aka samu malamin dabbobi ya yi mata allurar rigakafi. Da 'ya'yan suka isa yaye, mafaraucin ya ɗauki ɗaya, wani makiyayi ya karɓi ɗaya, wani mai lambu daga wajen Kalmalo ya tafi da ɗaya. Saura uku da uwarsu har yanzu ana cigiyar mai so. Abin da aka kashe a wannan aiki bai kai kuɗin da ɗalibi ke ɓatarwa a kanti cikin mako guda ba.

To, daga ina irin waɗannan karnuka suke fitowa? Hanyoyin ba su da yawa. Akwai na masu gadi da 'yan ci-rani waɗanda ke tashi su bar su in aiki ya ƙare, kuma garin kan iyaka kullum cikin shiga da fita yake. An rufe iyakar Illela a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai a Disamba na 2020, aka sake rufewa a 2023, kuma kowace rufewa tana kora mutane da yawa. Akwai na mafarauta waɗanda suka tsufa ko suka ji rauni a daji, aka ga ba su da sauran amfani. Akwai kwiyakwiyin da ake zubawa a kwali a kai bakin juji da asuba. Akwai kuma, abin baƙin ciki, karnukan mutanen ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa a gabashin Jihar Sakkwato, waɗanda suka gudu da abin da hannu zai iya ɗauka kaɗai. Su waɗannan ba wanda zai ga laifinsu. Sauran kuwa sakaci ne tsantsa. Karya tana ɗaukar ciki wata biyu ne kawai, tana kuma iya haihuwa sau biyu a shekara, saboda haka wadda aka yar bana, baɗi ta zama garke.

Kada mai karatu ya ɗauka tausayin dabba kaɗai ya sa muke wannan magana. Akwai ran ɗan Adam a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin 40 cikin 100 nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. A cikin mutum 100 da suka kamu, har 99 daga kare suke samu. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar ne. In ta shiga ta wurin cizo ko yaƙushi, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ga ƙwaƙwalwa, yawanci cikin wata biyu zuwa uku, lokacin da miki ya riga ya warke, iyaye sun manta. Ranar da alamu suka bayyana, watau firgita da dalalar miyau da tsoron ruwa, to, sai dai addu'a, domin kusan ba wanda ke tashi. Amma fa in aka wanke wurin cizon nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, aka garzaya asibiti aka fara karɓar allurai, ana tsira. Tun ranar 6 ga Yuli, 1885, lokacin da Louis Pasteur ya gwada allurarsa a kan wani yaro a birnin Faris na Faransa, duniya ta san maganin wannan masifa. Abin kunya ne a ce bayan shekara fiye da 130 yaro yana mutuwa da ita a ƙasarmu.

Abin da aka saba yi in mahaukacin kare ya ciji wani shi ne a fito da sanduna, ko a zuba guba a nama a watsa a juji. Kwana biyu sai gari ya yi tsit, a ce an gama. Masana sun daɗe da gano cewa wannan ba ya kashe cutar. Muddin juji na nan, kwata na zubar da jini da kayan ciki a fili, to, kafin wata shida waɗansu karnukan sun zo daga ƙauyuka sun cike gurbin, kuma baƙi ne waɗanda ba a san lafiyarsu ba. Gubar ma ba ta zaɓe. Takan kashe karen makiyayi da kyanwar gida da ungulu, wani lokaci ma ta faɗa hannun yaro. Hanyar da aka tabbatar tana aiki ita ce a yi wa aƙalla 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, a riƙa maimaitawa shekara-shekara, sai cutar ta rasa inda za ta bi. Da haka ƙasar Meziko ta yi, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ta rabu da kamuwar mutane daga karnuka. Sai dai karen da ba shi da ubangida, wa zai kama shi ya riƙe a yi masa allura? Wa zai tuna in shekara ta zagayo? Nan ne batun nema musu masu riƙo ya haɗu da batun lafiyar 'ya'yanmu.

Mun san waɗansu za su ce ai kare ƙazanta ne, Musulmi ba shi da hulɗa da shi. Mu ɗalibai ne, ba mu isa ba da fatawa ba, amma abin da muka koya a gaban malamanmu na zaure ya ishe mu hujja. Shari'a ta yarda a ajiye kare domin farauta da kiwo da tsaron gona. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Ma'ida, ya halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ake bi a ƙasar Sakkwato, kare mai rai ba najasa ba ne. Hadisi ingantacce ya ba da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, da kuma matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta. Ba wanda ya ce a kwana ɗaki ɗaya da kare, ko a ci a ƙwarya ɗaya da shi. Amma wanda ya ci moriyar dabba shekara da shekaru, sa'an nan ya bar ta ga yunwa da jifa, ya san akwai tambaya a gabansa.

A Ingila, tun 1860 wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan tara karnukan da aka yasar a birnin Landan, wanda daga baya ya koma unguwar Battersea, kuma har yau yana nan yana nema musu masu riƙo. Ba mu ce a gina irin wannan a Illela ba. Garin da asibitinsa ke fama da ƙarancin gadaje ba zai gina wa kare ɗaki ba, kuma ba ma buƙata. Bature yana ajiye kare ne don ya ɗebe masa kewa, mu kuwa namu ma'aikaci ne, kuma masu neman ma'aikacin suna nan birjik: mai lambun albasa da ɓarayi suka dama, makiyayi a ruga, mafarauci, maigadin makaranta da na sito. Wani abin lura ma shi ne, siririn karen nan mai dogayen ƙafafu na Buzaye, wanda asalinsa kwarin Azawak ne a arewa da Tawa, Turawa sun kwashi irinsa zuwa ƙasashensu tun wajen shekarun 1970, suna sayar da shi da tsada, har ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin littafinta a 2019. Danginsa na nesa ne muke jifa a bayan kasuwa.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. Na farko, Ƙaramar Hukumar Illela ta haɗa kai da Sarkin Baka da Sarkin Fawa da masu unguwanni, a keɓe wani ɗan fili kusa da ofishin dabbobi inda za a riƙa kawo kwiyakwiyi da karnukan da aka yasar ranar kasuwa. Malamin dabbobi ya duba su, mai lafiya a yi masa allura, a ɗaura masa alama a wuya, a rubuta sunan wanda ya karɓa da unguwarsa. Wanda ake zargi da ciwo a tsare shi a gani, wanda ya tabbata ya haukace kuwa a kashe shi cikin gaggawa ba tare da azabtarwa ba. Na biyu, Gwamnatin Jiha ta tanadi allurar karnuka kyauta ko da sau ɗaya ne a shekara. Ba sai an je ƙasar waje ba, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin ta. Ranar 28 ga Satumba, wadda duniya ke tunawa da yaƙi da wannan ciwo, ta dace da wannan aiki. Na uku, a tabbata allurar mutane tana nan a asibitin gari, don kada talaka ya yi tafiyar kilomita fiye da 80 zuwa Sakkwato da yaro a kafaɗa. Na huɗu, a gyara kwata, a riƙa binne abin da ta zubar. Na biyar, tun da kare ba ya nuna fasfo a shingen kwastan, kuma tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yan kilomitoci ne, to, a tuntuɓi hukumomin can a yi rigakafin a mako guda. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, irin wannan aiki ma yana cikin abin da ya kamata ta duba.

Mu ɗalibai kuma kada mu tsaya ga ba da shawara. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen koyon likitancin dabbobi da asibitinsa, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Muna kira ga 'yan'uwanmu na waɗannan sassa, tare da ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Illela da Gwadabawa da Gada, su ba da mako guda daga cikin hutunsu, su shiga makarantun firamare da na allo su koya wa yara kada su tsokani kare yana cin abinci ko yana shayarwa, su kuma koya musu wanke cizo da sabulu da gaya wa manya nan take. Yayyenmu da suka fara aikin gwamnati kuwa, musamman waɗanda aka tura ƙananan hukumomi, su tuna cewa takardar da ke neman kuɗin allura a teburinsu za ta kwana ko ta wuce.

Za a ce mana mutane na fama da yunwa da gudun hijira, ku kuna zancen karnuka. Mun ji, kuma ba mu raina wannan magana ba. Amsarmu ita ce, ɗan gudun hijirar da ke kwana a fili da almajirin da ke bin lungu da dare su ne kare ke fara cizo, kuma su ne ba su da kuɗin allurai. Kuɗin yi wa kare rigakafi bai kama ƙafar kuɗin jinyar mutum ɗaya da aka ciza ba. Ƙasashen duniya sun sa wa kansu wa'adin 2030 don kawar da mutuwar mutane daga wannan ciwo, lokaci kuwa ya ƙarato, ba a kuma fafe gora ranar tafiya.

Kafin hukuma ta motsa, kwiyakwiyi uku da uwarsu suna nan a Illela, an yi wa uwar allura, 'ya'yan kuma za a yi musu da sun cika wata uku. Duk mai gona ko garke ko gidan gadi da ke da buƙata, kuma ya san zai iya ba su abinci da ruwa da inuwa, sai ya sanar da ofishin wannan mujalla. Wanda kuma yake da kare yanzu, in tafiya ta kama shi, don Allah ya danƙa shi a hannun wani kafin ya tashi. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ya sa a ƙarƙashinmu, ya kuma kare yaranmu daga wannan ciwo, amin.