Ruwa Na Cikin Kanal, Fangali A Bushe

Akwai amsa guda da ta zama mafakar ofisoshi da shagunan kwamfuta daga Kura zuwa Bunkure: "Netwok ne." Jerin sunayen manoma ya ƙi hawa shafin da ake jiran sa, netwok ne. Taron bidiyo da Abuja ya tsinke ana tsaka da magana, netwok ne. Sai a la'anci kamfanin waya, a ƙara sayen data, a ɗage aiki zuwa gobe. A ganina wannan amsa sakaci ne da aka lulluɓe da rigar ƙaddara. A wurare da yawa intanet ɗin ya iso har cikin ɗaki, mu ne muka kasa raba shi.

Mutanen wannan yanki ya kamata su riga kowa gane haka. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, duk mai noman rani a Kadawa ya san cikar dam ba ta tabbatar da jiƙar fangalinsa. Tsakanin Tiga da gona akwai babban kanal, da ƙananan hanyoyi, da ƙofofi. Idan ciyawa ta toshe hanya, ko na sama ya tare ruwa, na ƙarshen layi ya kwana da ƙishi alhali dam na tumbatsa.

Haka abin yake ga waifai. Yawancin rautocin zamani suna watsa intanet a zango biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na farkon ya fi nisa, ya fi ratsa bango, amma hanyoyinsa da ba sa shiga juna uku ne kacal, wato ta 1 da ta 6 da ta 11. A cikinsu Bluetooth ke cusa kai, haka wayar maƙwabcin da ya kunna rabon datarsa. Na biyun yana da irin waɗannan hanyoyi fiye da ashirin, sai dai bangon bulo biyu kan raunana shi ƙwarai.

Abin da ya fi muni shi ne na'urorin da ke hanya ɗaya bi da bi suke magana. Tsohuwar waya da ke can bakin ƙofa, mai jan saƙo a hankali, takan daɗe tana riƙe da hanyar, kowa na jiran ta gama. Don haka kwamfutar da ke ɗauke da aikin ofis gaba ɗaya tana layi a bayan wayoyi masu sauke bidiyon WhatsApp, ga zangon 5 GHz a gefe babu kowa a kansa.

Gyaran bai kai kuɗin datar wata guda ba. A kwamfuta mai Windows, buɗe tagar umarni ka rubuta netsh wlan show drivers. Idan ka ga 802.11a ko 802.11ac a jerin, kwamfutarka tana iya hawa zango mai sauri. Idan b da g da n kaɗai ka gani, galibi ba ta iyawa, kuma maganinta ɗan ƙaramin abin kama waifai ne da ake soka wa ta USB. Mai iyawar kuwa, a shiga Device Manager, a nemi katin waifai, a duba ko yana da zaɓin Preferred Band, a mai da shi kan 5 GHz. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne mai kula da rauta ya bai wa kowane zango sunansa daban. Kwamfutocin aiki da ke kusa su hau na 5, a sa su manta da ɗayan, wayoyi da ɗakunan nesa su zauna a na 2.4. Ita ma rautar a fito da ita daga cikin kabad ɗin ƙarfe, a ɗaga ta sama a tsakiyar gini.

Wani zai ce ai 5G ba ta iso ƙauyensu ba. Wannan ruɗani ne na suna. 5G tsarin layin waya ne, wanda MTN ya fara a Najeriya a 2022. Shi kuwa 5 GHz tsakanin rautarka da kwamfutarka kawai yake aiki, babu ruwansa da turken kamfani.

Wani kuma zai ce idan abin da ke shigowa daga waje kaɗan ne, sauya zango ba zai ƙara komai ba. Wannan gaskiya ce, kuma akwai kamfanonin da suka cancanci duk tsinuwar da suke sha. Amma ana iya tantancewa cikin minti biyar. Haɗa kwamfuta da rauta ta waya ka auna gudun, sannan ka cire ka auna a teburinka. Idan duka biyun sun yi ƙasa, babban kanal ne ya ƙafe, ka kai ƙara. Idan na waya ya yi kyau na tebur ya faɗi, laifin a gida yake. Wanda bai yi wannan awon ba, ba shi da hujjar zargin kowa, kuma ko Starlink ya saya, wadda ta shigo ƙasar nan a 2023, cunkoson cikin ɗaki yana nan yana jiran sa.

Asalin cutar dai ta shugabanci ce. Ana sayo kwamfutocin kwance a kasuwa, a tambayi girman allo da lafiyar batir, babu mai tambayar katin waifai. Mai saka rauta ya tafi da lambar sirrin saitinta, ofis ya zama baƙo ga kayan da ya biya. Manoman wannan yanki suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin sun gane abin da aka haɗu a kai yana buƙatar mai kula da rabo. Abin kunya ne a ce ofis cike da masu digiri ya kasa yin abin da mai lambun tumatir ya daɗe da yi.

Kowace ƙungiyar manoma, kowace makaranta, kowane injin casar shinkafa da ke raba waifai ya naɗa mutum ɗaya da zai riƙe lambar sirrin rauta, ya raba zangunan, ya rubuta wa zai hau wane. Kafin a sake sa hannu a takardar sayen data, a nemi ganin sakamakon awon nan biyu.