CIMAKA DA LAFIYA: Dunƙulen dabino da gyaɗa, tsohon guzurin Damagaram

Batun wannan mako ya shafi duk wanda ke barin gida da sassafe, ba ya komawa sai rana ta yi sanyi. Ɗan kasuwa da ke zaune a rumfarsa ta kasuwar Dole, da ma'aikacin gwamnati da ke gaban takardu a buro, da direban da ya kama hanyar Tanut ko ta Magarya, dukansu sun san yunwar nan ta hantsi, wadda ba ta kai a nemi tuwo ba, amma kuma ba ta barin mutum ya yi aiki da natsuwa. Abin da aka saba yi shi ne a aiki yaro ya sayo biskit da lemun kwalba. Cikin ɗan lokaci yunwa ta dawo, kuɗi sun tafi, jiki kuwa bai ƙaru da komai ba sai farin gari da sukari. Alhali akwai abin da ya fi wannan amfani, wanda ba ya bukatar a ɗora tukunya, kuma kayan haɗinsa suna nan jibge a kasuwannin Damagaram: dunƙulen dabino da gyaɗa.

A ƙasashen Turai da Amurka, irin wannan dunƙule ya zama abin yayi ga masu motsa jiki da masu kiyaye lafiyarsu, har suna kiransa dunƙulen ƙarfi. A shekara ta 2003 aka fara sayar da Lärabar a Amurka, wanda asalinsa dabino ne da aka daka tare da dangin gyaɗa, ba tare da an ƙara sukari ba. Kasuwarsa ta buɗe har babban kamfanin General Mills ya saye shi a 2008. Duk Badamagaren da ya ji wannan labari murmushi zai yi, domin abin da aka naɗe a takarda mai ƙyalli can, ƙanen dakuwa ne, wadda mata ke dakawa da soyayyar aya ko gyaɗa su cura, yara su ɗauka talla tun kaka da kakanni.

Haɗuwar dabino da gyaɗa a wannan ƙasa tana da tarihi. Damagaram mahaɗa ce tsakanin hamada da ƙasar noma. Kowace shekara, bayan damina, ayarin raƙuman Buzaye yakan tashi daga ƙasar Abzin, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya ɗoro gishirin kantu da beza tare da dabinon Kawar, sa'an nan ya gangaro kudu zuwa Damargu da Damagaram da Kano domin musayarsu da hatsi. Unguwar Zango, wadda ke wajen ganuwar Birni, daga saukar irin waɗannan baƙi ta samo sunanta, kuma ta bunƙasa ƙwarai a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Mafatauta sun san dalilin da ya sa dabino ba ya rabuwa da jakar matafiyi: ba shi da nauyi, ba ya lalacewa da wuri, kuma ɗan kaɗan yana riƙe ciki. Yau manyan motoci sun karɓe kaso mai yawa na wannan sufuri, dabinon Aljeriya da na Libiya kuma ya shigo kasuwa. Ban da su, akwai na gida, wanda ake samu a kwarurrukan Gidimuni da na ƙasar Gure.

Gyaɗa kuwa ita ce ta riƙe arzikin Nijar shekaru da yawa. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA domin cinikinta, kuma Magarya da Matamai suna cikin manyan wuraren nomanta, kafin farin 1973 da cutar da ta faɗa wa shukar a 1975 su karya ta, ƙarfen uraniyom ya karɓi matsayinta. Amma darajarta ta cimaka ba ta ragu ba. Abincin nan na ceton yara masu tamowa, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi sosai a jihohin Maraɗi da Damagaram lokacin yunwar 2005, tushensa niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da aka haɗa da madara da mai da sukari da sinadaran gina jiki.

Me ya sa waɗannan biyu suka dace da juna? Busasshen dabino, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne na halitta, giram 100 nasa yana ba da kalori wajen 280, tare da harza mai taimakon hanji da sinadarin potasiyom. Gyaɗa kuwa, kusan rabinta mai ne, kwata ɗinta kuma furotin mai gina jiki, giram 100 nata yana ba da kalori sama da 560. Dabino shi kaɗai yana ba da ƙarfi nan take. In aka haɗa shi da gyaɗa, mai da furotin suna jinkirta narkewar abinci, sai ƙarfin ya riƙa shiga jiki sannu a hankali, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Dunƙule ɗaya mai giram 30 yana ɗauke da kalori wajen 110, saboda haka biyu ko uku da kofin ruwa sun isa su kai ma'aikaci azahar.

Yadda ake yinsa ba wuya. A auna gwangwani biyu na dabinon da aka cire wa ƙwallo, da gwangwani ɗaya na soyayyar gyaɗa. A tsaga kowane dabino a duba cikinsa, domin ƙwari kan ɓuya a ciki, sa'an nan a wanke. In mai laushi ne, kai tsaye ake zuba shi a turmi. In busasshe ne irin na Kawar, sai a jiƙa shi ɗan lokaci a ruwan ɗumi mai tsabta, a tsane shi sosai, don yawan ruwa shi ke ɓata aikin. Gyaɗar kuma a murje ɓawonta a fece. A fara daka ta ita kaɗai, amma a dakata kafin ta fara fitar da mai ta koma tunkuza. Sai a kwashe, a daka dabinon har ya yi danƙo, a mayar da gyaɗar a ciki, a barbaɗa ɗan gishiri da garin citta, da kanumfari ga mai so, a ci gaba da kirɓawa har su kama juna. Ba a sa sukari ko kaɗan, zaƙin dabinon ya wadatar. Daga nan a wanke hannu, a cura daidai girman goro, a mirgina a cikin soyayyen riɗi don kada su manne. Wanda ya fi son aya, wadda ake nomawa da yawa a jihar Maraɗi, yana iya maye rabin gyaɗar da garin soyayyar aya da aka tankaɗe.

Wajen ajiya, a yi la'akari da zafin ƙasar. Wanda aka jiƙa dabinonsa a cinye shi cikin kwana biyu ko uku, sai fa in akwai firigo, inda zai iya yin mako guda cikin kwano mai murfi. A leda kuwa gumi yake yi ya yi fumfuna.

Akwai gargaɗi da ya kamata a riƙe. Na farko, a guji gyaɗar araha wadda ta yamutse, ta canza launi, ko take da ɗaci. Fumfunar da ke kama gyaɗar da aka ajiye da laima tana haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke illata hanta har ta kai ga ciwon daji, kuma suya ba ta kawar da ita gaba ɗaya. A zauna a tsince ta a faifai kafin a daka. Na biyu, mai ciwon sukari kada ya ruɗu da cewa zaƙin na halitta ne, ya tambayi likitansa adadin da zai iya ci. Haka wanda ke yini a kan kujera, in ya maida dunƙulen abin taunawa tun safe har yamma, ƙiba ce za ta biyo baya. Na uku, akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, su sai su yi da riɗi ko aya. Yaron da ya rame da tamowa kuwa asibiti za a kai shi, wannan dunƙule ba ya maye gurbin magani. Bayan an ci, a yi asuwaki, domin dabino yana maƙalewa a haƙora.

Ga ƴan kasuwa, akwai abin lura a nan. Dabino na zuwa daga arewa, gyaɗa da riɗi daga kudu, turmi yana kowane gida. Macen da ta kiyaye tsabta, ta zaɓi kaya masu kyau, ta rufe hajarta daga ƙuda da ƙura, za ta samu masu saye a tashar mota da bakin lakkol da ƙofar ma'aikatu, balle a watan azumi, lokacin da ake neman dabinon buɗa-baki da abin da zai riƙe ciki a sahur. Kuɗin da ke tafiya wajen biskit ɗin ƙasashen waje sai su tsaya a hannun manomin Matamai da mai lambun Gidimuni. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa.