Ra'ayinmu: Dokar da ta tilasta wa soja yin ƙarya

Ranar 20 ga Satumban 2011 wata doka ta kau a Amurka bayan ta shafe sama da shekaru 17 tana aiki. Ita ce dokar da ake wa laƙabi da "kada a tambaya, kada a faɗa", wadda ta yarje wa 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo shiga aikin soja bisa sharaɗin su kame bakinsu har ranar da za su tuɓe kaki. Kafin a soke ta, ta raba sojoji sama da 13,000 da aikinsu. Wannan jarida na ganin soke ta ya yi daidai, kuma har yau gwamnatin Amurka ba ta gama biyan bashin mutanen da dokar ta cuta ba.

Mun san matsayin mafi yawan masu karatunmu a kan wannan ɗabi'a, mun san abin da malaman Musulunci da na Kirista a ƙasarmu ke koyarwa, mun kuma san dokar da shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Janairun 2014 ta haramta auren jinsi. Ba mu zo canza wa kowa aƙida ba. Batun da ke gabanmu shi ne haƙƙin mutumin da ƙasarsa ta miƙa wa bindiga, ta tura shi bakin daga, ya dawo ta kore shi ba don ya gudu ko ya ci amana ba.

Asalin dokar sulhu ne na 'yan siyasa. Bill Clinton ya yi alkawari a yaƙin neman zaɓen 1992 cewa zai cire haramcin da ya hana 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo aikin soja gaba ɗaya. Da ya hau mulki sai ya ci karo da Sanata Sam Nunn da Janar Colin Powell, aka ja aka ja, a ƙarshen 1993 aka tsaya a tsakiya: hukuma ba za ta tambayi mai shiga soja ba, shi ma kada ya faɗa, in kuwa maganar ta fito, to kora ce.

Wanda ya ji wannan daga nesa zai ce ai rufin asiri ne, abin da mutanenmu ke roƙon Allah a kansa safe da yamma. A nan muke so a tsaya a duba da kyau. Rufin asiri yana kare mai asirin ne, yana kuma kunyata mai tonon silili. Wannan doka ta yi akasin haka. Wanda aka tona wa asiri shi ake hukuntawa, mai tonon kuwa ya tafi abinsa. Duk wanda ke da ƙiyayya da abokin aikinsa ya samu makami: tsohon aboki da aka ɓata da shi, ƙaramin soja da aka yi wa horo yana neman ramuwa, wanda ya tsinci wasiƙa a akwatin wani. A 1997 jami'an sojan ruwa sun bi ta bayan fage suka samo sunan wani babban ma'aikacin jirgin yaƙi daga kamfanin intanet na AOL don su kore shi kan zargin luwaɗi, mutumin da ya yi shekaru 17 yana aiki, sai da alƙali ya taka musu burki a 1998. Mata su suka fi shan wahala. Ba su kai kashi ɗaya cikin shida na rundunar ba, amma a wasu shekarun su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka kora. Sau da yawa mace ta ƙi amincewa da wani na gaba da ita, gobe sai ta ji ana raɗe-raɗin cewa 'yar maɗigo ce. Babu addinin da muka sani da ya halatta bin diddigin sirrin mutane da jifan su da zargi ba shaida.

Abin ya kai ga jini. A Yulin 1999, a barikin Fort Campbell da ke jihar Kentucky, wani soja ya rotse kan Barry Winchell, ɗan shekara 21, da sanda yana barci. Watanni kafin nan ana tsangwamarsa a kan jita-jita. A ƙarƙashin irin wannan doka, wanda ake tsangwama in ya kai ƙara, kansa ya jawo wa bincike.

Hujjar da masu goyon bayan dokar suka riƙe ita ce haɗin kan runduna: wai sojojin da ke kwana a tanti ɗaya ba za su aminta da irin wannan mutum ba, horo zai lalace. Hujja ce da ta cancanci a saurara, domin rayuka ne a kanta. Sai dai alƙaluman Ma'aikatar Tsaron Amurka kanta sun ƙaryata ta. A 2001 an kori sama da mutum 1,200. Da yaƙin Afghanistan da na Iraƙi suka yi zafi aka shiga neman sojoji ido rufe, sai korar ta yi ta raguwa, a 2009 ba ta kai 500 ba. In da gaske mutanen nan haɗari ne ga runduna, ai a lokacin yaƙi ya kamata a fi tsananta korarsu. Abin da ya faru shi ne an riƙe su sa'ad da ake bukatarsu, an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Eric Alva, sojan Amurka na farko da ya jikkata a mamayar Iraƙi a Maris na 2003, wanda nakiya ta cire wa ƙafa, yana cikin mutanen da dokar ta ce su yi shiru. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya gano a 2005 cewa cikin waɗanda aka kora a shekaru goman farko akwai sama da 300 masu horon harsuna irin su Larabci da Farisanci, a daidai lokacin da rundunar ke kukan ƙarancin tafintoci.

A Fabrairun 2010 babban hafsan hafsoshin ƙasar, Admiral Mike Mullen, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa abin da ke damunsa shi ne doka ta tilasta wa matasa yin ƙarya a kan ko su waye kafin su kare ƙasarsu. Wannan ita ce zuciyar maganar. Aikin soja a kan amana yake tsaye. Ba za a rantsar da mutum a kan gaskiya da safe ba, da yamma a ce masa in abokinsa ya tambaye shi da wa yake zaune a gida, ya shirga masa ƙarya ko ya rasa abincinsa. Majalisar Dattawa ta soke dokar da ƙuri'a 65 da 31, Barack Obama ya sa hannu ranar 22 ga Disamban 2010, sokewar kuma ta fara aiki a Satumban 2011. Rugujewar da aka yi ta hasashe ba ta zo ba, har kwamandan sojojin kundumbala na ruwa, Janar James Amos, wanda ya yi adawa da sokewar, ya yarda daga baya cewa sauyin ya wuce lami lafiya. Holland ta riga ta cire irin wannan haramci tun 1974, Kanada da Ostareliya a 1992.

Saura batun bashi. Sojan da aka kora yakan fita da takardar sallama mai ɗauke da dalilin korar a rubuce, kuma ita zai nuna wa duk mai ɗaukar aiki. Wanda aka ba sallamar da ba ta girmamawa ba yakan rasa kulawar asibitin tsofaffin sojoji da tallafin karatu. Birtaniya, wadda kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta tilasta wa cire nata haramcin a Janairun 2000, ta fi nuna munin abin. Joe Ousalice ya yi kusan shekaru 18 a sojan ruwa, ya je yaƙin Falkland, amma da aka kore shi a 1993 da almakashi aka yanke lambar yabonsa daga ƙirjinsa. Sai a 2020 aka mayar masa. Firaminista Rishi Sunak ya nemi gafara a 2023, a ƙarshen 2024 aka ware fam miliyan 75 na diyya.

Amurka ta taɓuka kaɗan. A Yunin 2024 Joe Biden ya yi afuwa ga waɗanda kotun soja ta hukunta a kan luwaɗi da maɗigo, a Oktoba kuma Ma'aikatar Tsaro ta gyara takardun mutum sama da 800. Amma dubban da aka kora kafin 1993, tun daga zamanin yaƙin duniya na biyu, mafi yawansu an bar musu nauyin cike takardu da jiran amsa, mutanen da tsufa ya riga ya cim musu. Sunayensu na cikin kundin ma'aikatar, ita ce ta rubuta su da hannunta. Ya kamata ta buɗe kundin, ta nemo su, ta gyara musu takardunsu, ta biya su abin da suka rasa tun suna da rai.